Cukun da Ba Ya Tsuwa

Marlys Hovland ta tsufa da ƙanshin madara a hannunta. Tun tana budurwa ta shiga masana'antar cukun da ke bakin garinsu, a Wisconsin, ba ta bar ta ba sai da gwiwoyinta suka ƙi. A can ta haɗu da Orville, direban tankar madara, a can kuma aka zo aka same ta ranar da zuciyarsa ta tsaya. Ɗa guda suka haifa, Curtis, shi kuma ya ba ta jika guda, Tessa, yarinya mai giɓi da surutu kamar kanari.

Abu biyu Marlys ta ɗauka nata ne a duniya, ba ta tarayya da kowa a kansu: Tessa, da salak ɗin ranar hutun iyaye.

Duk wata, wata Asabar da yamma, iyaye kan sauke 'ya'yansu a zauren da ke ƙarƙashin coci, su tafi su ci abinci su biyu kamar lokacin da suke neman aure. Tsofaffin mata su ke riƙe yaran, su ciyar da su. Kowace da abincin da aka san ta da shi, ba mai taɓa na wata. Na Marlys tuffa ne da inabi, da zuma, da ɗan lemun tsami, sai ƙananan dunƙulen sabon cuku da take karɓowa a ƙofar bayan masana'anta da safiyar ranar, da ɗuminsa. Yaran garin ba su yarda da cuku sai sun ji yana tsuwa a haƙori kamar ɗan ɓera. Duk wanda aka haifa a nan kuma ya san sanyi ne ke kashe tsuwar. Ya kwana a firji, shi ke nan, ya yi shiru.

Ana nan sai Roz ta zo. Ita ce uwar Janelle, matar Curtis. Ta sayar da shagonta na gyaran gashi a Arizona ta dawo kusa da 'yarta, da jan farce, da manyan 'yan kunne, da dariyar da ake jiyowa tun daga titi. Kafin ganyen itatuwa su gama zuba, bakin Tessa ya cika da ita. Kaka Roz ta ce kaza. Kaka Roz ta taɓa ganin maciji a banɗaki. Kaka Roz ta yi mini kitso, duba. Marlys ta duba. Kitson ya yi kyau, shi ya fi ƙona mata rai. Da a karkace yake da ta samu abin faɗi.

Ranar Juma'a wayar Marlys ta yi ƙara.

"Marlys, 'yar'uwa, ni ce. Kada ki yi mini dariya. Wannan jikar taki ta tasa ni gaba, wai sai mun yi salak irin naki gobe, ita za ta yanka da hannunta, ta ajiye wa iyayenta su ɗanɗana in sun dawo."

"Irin nawa," in ji Marlys.

"Wa zai kamo ƙafarki? Kwaikwayo dai za mu yi. Na ma sayo cukun yanzu, na tura shi firji kada ya lalace kafin gobe. Daidai ne ko?"

Marlys tana tsaye a bakin taga. Wani jan tsuntsu ya sauka kan shinge, ya karkata kai kamar shi ma yana jiran amsa. Ta jiyo muryar Tessa can cikin wayar tana cewa, "Kaka Roz, zo ki ga yadda na jera inabin!" A kan teburin Marlys yarinyar ta fara riƙe wuƙa, a nan ta koyi raba inabi biyu don kada ya shaƙe ƙananan yara. Yau ga shi ta kai ilimin wani gida.

"Firji ai ba ya ɓata abu," in ji Marlys.

Ba ƙarya ta yi ba, haka ta yi ta gaya wa kanta har ta gama wanke-wanke.

Washegari ta yi sammako. Ta karɓo cukunta da ɗumi, ta rungumo ledar a ƙirji kamar jariri. Ba ta taɓa yanka tuffa da irin natsuwar da ta yi ranar ba, kowane yanki ɗaya da ɗan'uwansa. Ta ɗauko babban kwanon gilashin da uwarta ta bar mata, wanda ba ya fitowa sai Kirsimeti.

Da yamma zauren ya cika da ihu da rigunan sanyi. Iyaye suna sumbatar goshin yara suna ficewa da sauri, kamar masu tsoron a kira su. Kwano biyu na salak suka zauna gefe da gefe a kan dogon tebur. Ardis, mai taliya da nama, ta kalli kwanonin, ta kalli Marlys, ta ɗaga gira.

"Yau kuma an yi miki ƙanwa?"

"Teburin coci ne, Ardis, ba na gado ba."

"Haka ne. Shi ya sa kika fito da kwanon Kirsimeti a watan Oktoba."

Tessa ta tsaya bayan nata kwanon da babban cokali, an ɗaura mata rigar girki ta kai har gwiwa. "Ni na yi," take gaya wa duk wanda ya matso. "Ni da Kaka Roz."

Yaron da ya fara ɗiba shi ne Boyd, jikan Ardis. Ya tsamo cuku ya tauna, ya dakata, ya kasa kunne kamar mai sauraron bugun zuciya. Ya sake taunawa.

"Tessa, cukunku ya mutu."

"Bai mutu ba!"

"Wallahi mushe ne. Ku zo ku ji, ko uffan ba ya cewa!"

Yara suka taru suna ɗanɗanawa suna ƙyalƙyala dariya. Wata ta ce a kira fasto ya yi masa addu'a. Daga nan suka juya gaba ɗaya zuwa kwanon gilashi, nan da nan zauren ya ɗauki tsuwa ta ko'ina, ƙananan haƙora suna ta aiki. Marlys tana zubawa tana jin wani daɗi yana hawowa daga cikinta, mai zaƙi kamar zumar da ke yatsunta. Ta saci kallon Roz, ta gan ta tsaye da jan farcenta tana tauna cukun, ta kasa gane laifinsa.

Sai Tessa ta ajiye cokali. Leɓenta ya fara rawa. Marlys ta san wannan rawar tun yarinyar tana zanen goyo, ta kuma san abin da ke biyo baya. Ta yi maza ta goge hannu, ta durƙusa duk da gwiwoyinta, ta buɗe hannuwa.

Yarinyar ta wuce ta. Ta je ta cusa fuska a cikin siket ɗin Roz.

Marlys ta daɗe a durƙushe kafin ta samu bakin tebur ta dafa ta miƙe. Da ta ƙarasa wurinsu, ta tarar Roz tana shafa kitson tana cewa, "Yi haƙuri, 'yar lelena, tsohuwar nan ce ba ta iya komai ba sai gashi."

"Firji ne," in ji Ardis daga nesa, bakinta cike. "Ba a sa shi a firji, Roz. Ko jariri ya sani."

Tessa ta ɗago. Idonta jajir, ta sauke shi a kan Marlys.

"Kaka, ke kin sani ai. Jiya ta tambaye ki, ina ji. Me ya sa ba ki gaya mana ba?"

Marlys ta kawar da idonta zuwa kwanon gilashi. Ardis ma ta daina tauna.

"Ta gaya mini," in ji Roz. "Har sau biyu ta ce kada in sa. Ni ce kan nan nawa ya zama rariya, ina ajiye waya na manta. Ki yi faɗa da ni, kada ki taɓa mini kakarki."

Ta faɗi haka tana kallon Marlys, ba fushi a idonta, ba ma alamar ta riƙe abin. Marlys ta ji wani sabon ɗaci, ya fi na jiya. Ashe har a kirki ma matar nan ta fi ta.

"Akwai sauran cuku a jakata," Marlys ta ce da ƙyar. "Na safe ne. A tsince wancan a zuba wannan, kafin iyayenki su dawo."

Tessa ta ja hanci. "Zai yi tsuwa?"

"Har Arizona za a ji shi."

Roz ta saki dariyar nan tata. Yarinyar ta kama hannunta ta ja ta wajen kicin. Sun yi taku kaɗan ta tsaya, ta waiwayo, ta miƙo wa Marlys ɗaya hannun, na hagu, duk ya yi danƙo da zuma da hawaye.

Marlys ta dubi hannun daman da ke cikin jan farce. Sannan ta kama na hagun, ta riƙe shi gam.