Birkin Keken Ya Bukar

A shekarun da aka hana hawa babur a Maiduguri, gidan da ke da keke sai ka ce mota gare su. Namu na yayana ne, Ya Bukar: ɗan guntun keken gwanjo irin na yara masu wasan tsalle, ƙafafunsa zubin roba, babu ko waya ɗaya a jikinsu. Da shi yake kai wa Baba kaya kasuwar Gamboru daga gidanmu a Moduganari.

Birkin ne ya hana mu sukuni. Ya ciro robar birkin tsohon keken Baba, baƙa mai tauri, ya ɗaura wa nasa. In ya matsa sai ka ji ƙiii kamar ana yanka akuya, keken kuma yana ta sulɓewa abinsa. Ga shingen sojoji a hanyarsa, inda dole mai keke ya tsaya cak ya sauka. Wanda ya zarce, harbi ne. Ni dai kullum ya fita sai in yi ta leƙen hanya.

Da magariba dokar hana fita takan kulle mu a gida, sai mu kewaye murhun Kaka. Ranar nan ta tura itace, ta ce, "Ku matso, yau da barewa na zo muku."

Wai wata barewa ce ƙaya ta dame ta, ta je wa maƙeri ya ƙera mata takalman ƙarfe. Uwarta ta ce ta naɗe ƙafa da fata mai laushi, ta ƙi. Ta yi ta sheƙa gudu, kowa yana yaba ta. Rannan ta hau wani falalen dutse mai santsi a bakin gulbi, ta hango kada ya buɗe baki yana jira. Ta dage ƙafafu huɗun nan, ina! Ƙarfen ya yi ta kuka a kan dutse har ta isa bakinsa.

"Bukar," in ji Kaka, "da kai nake. Ina jin kukan kekenka tun daga bakin layi."

Ya yi dariya, amma washegari ya je wurin Baba Yohana, mai gyaran keke a Gomari. Mutumin ya shafa gefen ƙafar da ya fara cinyewa, ya ce, "Kai yaro, wannan robar ta ƙafar ƙarfe ce!" Ya ba shi fara mai laushi, ya nuna masa yadda zai karkata ta gabanta ya fara taɓawa, kada kuma ta gogi taya. Da yamma Ya Bukar ya yi ta tsayawa cak a gaban Kaka, tana ta sa masa albarka. Wallahi ranar na ci tuwo har da ƙari.

Ba a daɗe ba wani abu ya fashe kusa da kasuwa, aka shiga kwasar samari. Maƙwabcinmu Malam Goni ya ga komai, shi ya zo ya faɗa mana: a shingen nan wasu yara sun juya sun tsere ta lungu, Ya Bukar kuwa ya tsaya daidai inda aka ce, ya sauka, aka jefa shi a mota. Ba mu sake ganinsa ba.

Na girma ina juya tatsuniyar nan, ina son in yarda Kaka ta yi daidai, don da ya zarce da a nan za su harbe shi. Amma har yau abin da ke tsaya mini a rai shi ne tambaya ɗaya da ta yi wa Malam Goni.

"Birkin ya kama?"

Ya sunkuyar da kai. "Ya kama, Kaka. Ko ƙara bai yi ba."