Kalmar "gashi" da ta raba ni da Yaya Sani

Salamu alaikum. Wata bakwai ban ce komai a nan ba. Ɗalibaina da iyayensu, ku yafe wa Malama.

Yawancinmu da mun ji an ce za a yi wa mutum gashi a asibiti, sai mu ce ciwon daji ne, ko kuma ƙona shi za a yi. Haka yayana Sani ya ɗauka.

Direban tasi ne. An taɓa sa masa ƴar ragar ƙarfe a jijiyar zuciya don ta buɗe, sai ta sake toshewa. Likita ya kawo shawara, tafinta ya fassara ta waya. Yaya ya dawo gida yana dariya: "Hadiza, wai za su gasa min zuciya. Ni tsire ne?"

Ina aji ranar. Ban raka shi ba.

Bai koma ba. Bayan wata huɗu muka yi masa sallah.

Bana sai ga ni ina haki a matakalar tashar jirgin ƙasa ta Parkchester, ƙirjina kamar an ɗora turmi. Ni ma ina da ragar, an kuma taɓa buɗe ta. Aka yi hoto, aka zura siririn bututu ta hannuna. Jijiyar ta sake toshewa. Likita ya faɗi maganar da aka faɗa wa Yaya.

Na yi kuka. Sannan na yi abin da nake koya wa yara, na ɗaga hannu.

"Nawa za ku sa min? Wa ya auna?"

Aka kira wata mata, aikinta ke nan, auna ƙarfin hasken da ake gashin da shi. Ta ce ƙwayoyi ne ƙanana kamar shinkafa masu fitar da hasken, ta bututu za su shiga. An auna ƙarfinsu a na'ura, za a duba faɗin jijiyata, daga nan a lissafa mintunan da za su zauna. Hasken ba ya nisa, a bangon jijiyar yake aiki don ya hana tsoka sake tsirowa.

"In lokaci ya cika zan ce a fitar," in ji ta. "Ba abin da zai saura a jikinki."

Ranar aikin idona biyu. Ina ganinta da agogo a hannu. Ƙirjina ya ɗaure, na yi ta salati. Mintuna kaɗan, ta ce a janye.

Shi ke nan fa. Wannan ne Yaya ya guda.

Alhamdulillahi, na koma aji, ina shan magani. Na gode wa Maman Rabi, maƙwabciyata ƴar Kumasi, da ta ciyar da yarana.

In za a kai wani babba naku asibiti, ku ajiye aiki ku bi shi. Ku gwada tambayoyin nan biyu: nawa za a sa, wa ya auna.

Kuma ku sa Yaya Sani a addu'a.