Shekarar da na yi wa jikana kamfen

Shekarun baya, lokacin ƙafafuna suna jin magana, na taɓa yin kamfen. Ba na kansila ba, ba na ciyaman ba. Na fim. Ku yi dariyarku ku gama sannan ku karanta, don da yatsa ɗaya nake rubutun nan, kuma ba zan maimaita ba.

Ina da jika, ɗan ɗana na fari. Tun yana rarrafe nake ce masa maigida, shi kuma da bakinsa ya buɗe ya fara ce min amarya, har yau haka muke. Da ya gama makaranta ubansa ya ware masa gefe a rumfarsa ta hatsi a kasuwarmu ta Maigatari, shi kuwa ya ce atafau fim zai yi. Aka yi faɗa, aka yi gaba, aka yi sulhu. A ƙarshe uban ya yanke magana: shekara ɗaya ya ba shi. In bai kawo abin da za a nuna wa mutane ba, ya dawo ya ɗauki tiya ya fara awo.

Ni ban ce uffan ba. Ku 'yan yanzu ba ku san wannan ba, amma uban ɗana na fari ne, ba na kama sunansa, ba na zaman hira da shi. Uwata ce ma ta raine shi. Duk bakin nan nawa da kuka sani, in ya zo da safe ya durƙusa a ƙofar ɗaki, "lafiya lau" ce kawai tsakaninmu.

Labarin fim ɗin kuwa a bakina yaron ya ɗauka. Kakata tana amarya Turawa suka zo suna auna daji suna kafa alama, na Ingila nan, na Faransa can. Aka wayi gari ɗakin mijinta yana wata ƙasa, ɗakin uwarta yana wata, alhali in ka tashi da hantsi kafin azahar ka isa. Shi ne ya rubuta, suka haɗu da abokansa 'yan Gumel suka je wani ƙauye wajen Sule Tankarkar suka ɗauka. Kafin su tafi ya zo ya zauna min a bakin gado.

"Amarya, ara min zanen saƙin nan na cikin adaka."

"Zanen kakata da ya girme ni, ya girmi uwata? Ka ba wata mai jan baki ta ja shi a ƙasa?"

"Haba amarya, kishi kike? Ai ke ce uwargida."

Na ba shi. Na ce in ya dawo da ko zare ɗaya a zare, auren ya mutu.

Ana saura wata biyu shekararsa ta cika, sai ga shi ya shigo gida da gudu kamar an biyo shi. Wai an sa fim ɗinsu cikin waɗanda za su yi takarar kambu a taron da ake yi duk shekara a Kano. Na ce wane irin kambu, na dambe? Ya zauna ya yi min bayani. Wai a da in ɗan wasa ya burge sai dai a tafa masa a watse. Daga baya 'yan fim suka fara taruwa shekara-shekara suna karrama junansu, wasu alƙalai ne ke zama su zaɓa. Mutane suka yi ta ƙorafin ana son kai, shi ne aka ware kambu ɗaya aka ce wannan na jama'a ne, kowa ya zaɓa da saƙon waya. A nan aka sa su.

Na ce, "Wato yawan mutane ake nema?"

Ya ce, "Shi ke nan fa."

Na ce, "To tashi ka tafi Kano ka yi ta surutunka a rediyo. Nan ka bar min."

Lokacin shekarata uku da gama ajin yaƙi da jahilci, kuma ban taɓa samun abin yi da rubutun ba sai sa hannu a katin asibiti. Na ɗauko littafin da na yi koyo da shi, na yayyanka sauran takardun da reza. Kowace na rubuta lambar da za a tura wa, da abin da za a tura. Harafin ba a rubutuna ya karkace kamar ya sha duka, amma ana gane shi. Na cika jaka da su, na haɗa da goro da alewa.

Ba gidan sunan da ban shiga ba, ba gidan bikin da ban shiga ba. Layin injin niƙa, islamiyyar matan aure, bencin asibiti, duk na bi. Abokan takararmu suna can suna buga fosta da riguna, suna kai jarumai gidan talabijin. Ni sandata ce da bakina. Ƙawata mai kawo min nono, Bafulatana ce ta rugar da ke bayan gari, ta karɓi takardar tana juya ta.

"Hajiya, in ya ci mu me za a ba mu?"

"Abin da kansilanki ya ba ki."

"Ai bai ba ni komai ba."

"To kin ga kin saba. Kawo wayar."

Amma babbar rumfar zaɓena tana tsallaken iyaka. Dangin kakata duk suna can, 'yata ma can take aure. Ita ce ma ta ba ni wayar da nake riƙewa, da layinsu a ciki don mu riƙa gaisawa da sauƙi. Rabin unguwarmu haka suke, layin can ya fi kamawa a bakin iyaka. Na hau bayan mashin na tafi da faifan fim ɗin a ƙulle a gefen zane, na yi kwana tara. Aka fito da talabijin tsakar gida, aka tada janareta. Tsofaffi suna gani suna share hawaye suna cewa wallahi haka aka ba su labari. Ana gamawa na miƙe na ce kuka ba ya cin zaɓe, kowa ya fito da salularsa, haka suke ce wa waya. Mushen lakwal, malamin makarantarsu ke nan, shi ya riƙa danna wa waɗanda ba su iya ba. Ƙauye huɗu muka zaga. Na dawo ina cewa ko gwamna ne ya tsaya da mu sai ya sha ƙasa.

Ranar taro na ce da ni za a je. Na ɗaura zanen kakata, don ya dawo lafiya, auren bai mutu ba. Uban yaron ya ce shi yana da kasuwa.

Bayan la'asar muka isa. Jama'a, na ga abu. Wani jan kafet aka shimfiɗa tun daga bakin titi har cikin zauren, mai tsabta, ko masallacin Juma'armu bai samu irinsa ba. Na tsaya na cire takalmina na riƙe a hannu.

"Amarya, don Allah mayar da takalminki, ana ɗaukar mu hoto."

"A kan wannan? Ba a yi min tarbiyyar banza ba."

Haka na taka shi da ƙafata, masu hoto suna ta walƙa min wuta a ido. 'Yan mata sun sha ɗaurin da ya fi faifai faɗi, samari sun sa baƙin tabarau a cikin ɗaki. Wata yarinya ta tura min abin magana a baki ta ce, "Mama, wa ya yi miki wannan shigar?" Na ce masaƙin ya rasu tun ba a haifi kakarki ba, in oda za ki bayar kin makara.

Aka yi ta kiran suna, ana kiɗa, ana tafi, kowa ya hau ya gode wa Allah ya gode wa furodusa. Abin da ake bayarwar ma wani gilashi ne mai tsini, ko goro ba za ka zuba a ciki ba. Da aka zo kan namu, mai gabatarwa ya ɗauko ambulan ya yi ta jan rai kamar zai yanka rago. Ni har na gyara mayafi na dafa sanda. Sai ya kira wani fim na soyayya da rawa a cikin ruwan sama.

Na miƙe na ce, "Ƙarya ne!"

Jikana ya jawo ni na zauna. Na dube shi, sai na ga yana tafa wa wanda ya ci, idonsa ya kaɗa ya yi ja. Wannan tafin ya fi komai yi min ciwo.

Muka kwana gidan 'yar ƙanwata, da safe muka kamo hanya. Da mota ta tsaya Gagarawa Tasha jikana ya sauka. Ya sayo min gurasa ya miƙo ta taga ya ce, "Amarya, Alhamis zan fara awo." Ban iya ci ba.

Washegari uban ya zo gaisuwa kamar kullum, ya durƙusa a ƙofar ɗaki, yaron yana zaune gefe kan turmi. Ni kuwa na kwana da mutanen Kano a raina, ina so in kira su in ji inda suka kai ƙuri'un ƙauye huɗu, ga lambarsu ta ƙi shiga a wayata. Na kau da kai na miƙa wa uban hannu na ce, "Ba ni wayar nan."

Ya miƙo. Ya manta na yi yaƙi da jahilci, ko kuwa bai taɓa yarda na iya ba. Garin neman wurin kira na danna wani wuri, sai ga saƙonni jere reras, duk iri ɗaya. Na matso da ita kusa da ido na fara haɗa baƙi a fili, yadda malamarmu ta koya mana.

"An... kar-ɓi... za-ɓin-ka. Mun... go-de."

Na sauka ƙasa, shi ne dai. Na ƙara sauka, shi ne. Na ce, "Maigida, wannan fa? Ni na tura ya fi a ƙirga, ba wanda ya taɓa gode min."

Yaron ya karɓi wayata ya duba, ya dafe kai. "Innalillahi. Amarya, layin Nijar ne. Lambar ba ta karɓar saƙo sai daga layin Najeriya. Wallahi ko kusa ban kawo ba."

"Na tsallake fa? Ƙauye huɗu?"

"Duk iska."

"Da mushe? Da mai nono?"

"Mai nono wane layi gare ta?"

Da hannuna na danna mata, na san amsar: layin can ne. Kun ji fa. Iyakar da ta raba kakata da uwarta, ita ce ta tashi bayan shekaru sun fi ɗari ta cinye mana ƙuri'a. Ni ce nan na tsaya gaban manyan mutane a Kano na ce ƙarya ne.

Sai kuma wani abu ya faɗo min. Na dubi wayar da ke hannuna, na dubi mai ita. Ya sunkuyar da kai yana zane a ƙasa da tsinke, mutum mai furfura a gemu. Ban taɓa yi masa doguwar magana ba tun da na haife shi. Ran nan na yi.

"Kai ba ka ce fim aikin banza ba ne? Wa ya tura waɗannan?"

"Hajiya, hannu ne ya taɓa."

"Hannu ya taɓa kullum bayan asuba har wata guda? Ga ranakun nan a rubuce, ko in karanto maka?"

Yaron ya buɗe baki yana kallon ubansa. Uban ya ce maƙwabcin rumfarsa ne ya kunna fim ɗin ran wata kasuwa, shi kuma ya tsaya zai wuce. Sai ya ga zanen. Ya ce, "Da shi Inna take goya ni. Har inda ya ƙone a gefe na gane." Uwata yake nufi. Ya ce tun daga ranar ya tsinci ɗaya daga cikin takarduna a ƙasa ya sa a aljihu.

Na ce, "To duk gidan nan ƙuri'arka ce kaɗai ta isa Kano. Wanda ya zaɓi mutum kuma ba ya tsige shi tun bai hau ba."

Ya miƙe yana kakkaɓe riga, bai dubi kowa ba. Sai da ya kai zaure ya ce, "Ya ƙara shekara ɗaya."

Shekara ɗayan nan har yau ba ta ƙare ba. Yaron yana Kano da matarsa da 'ya'ya uku, yana ta fim ɗinsa, yana ci da kansa yana aiko mana. Gilashin nan mai tsini bai taɓa samu ba, sau biyu ana sa shi yana faɗuwa, kuma na daina cewa ƙarya ne. Tiyar da aka aje masa wani ɗan ƙanin uban ne ya ɗauka.

Da na shiga ajin yaƙi da jahilci mata sun yi min dariya, wai tsohuwa da jikoki me za ta karanta, takardar kabari? Ni kaina ban san amfanin da zai yi min ba. Ashe kalma biyar zan karanta, a wayar da ba tawa ba. Da ban iya ba, da yaron nan yana bakin buhu, ubansa yana gefe yana son abin a ransa, kuma ba mai faɗa wa wani har a mutu. Mu haka aka yi mu, muna so muna ɓoyewa.

Yanzu in uban ya zo gaisuwa yakan ɗan zauna. Sunansa dai har gobe ba na kamawa, amma mukan taɓa hira. Wayarsa ce kawai ba ya ƙara ba ni. Da ya ga na miƙa hannu sai ya tura ta can cikin aljihu ya ce ba caji.