Littafin da Ya Kusa Tafiya Nijar

Jama'a, yau littafin laburare ya kusa ƙetare iyaka!

A gidanmu kan rediyon Baba muke ajiye shi, don kar mu manta da shi a ci mu tara. Yau ranar mayarwa, na duba, wayam!

Inna ta ce, "Af! Goggonki ta naɗe shi tare da Alƙur'aninta. Ba ta barin rubutu a buɗe."

Goggo kuwa tana cikin baƙin da gwamnati ta kora, tana tashar mota a unguwar Alabar, za ta koma Nijar. Na kwasa da gudu! Mota har ta tashi, ina ihu, "Direba, tsaya!"

Goggo ta miƙo littafin daga saman kaya. "Ungo, 'yata. Shi ba a kore shi ba."

Na mayar da shi laburare a unguwar Adum, babu tara! Sai a hanyar gida na tuna ban yi mata ban kwana ba.