Haƙori Kamar Ƙwayar Riɗi

Muna idar da sallar asuba muka fito, ni da 'yata mai shekara biyar, da wata jaka da na cika da kayanta na lokacin zafi. Asubar hunturu a Cheetham Hill, unguwarmu a Manchester, ba ta gaggawa. Manyan shagunan sari duk a rufe, titi a jiƙe, mun hau bas mun isa tashar coach, manyan motocin tafiya mai nisa, amma gari bai waye ba.

Bari in faɗa muku abin da ya kai ni Birmingham. Yayata da ke unguwar Ladywood a can za ta gida Kumasi, kuma na yanke shawarar ta tafi da yarinyar nan wajen mahaifiyarmu. Tsoro ne ya sa ni. Yarinyar ta tafi makaranta cikin duhu, ta dawo cikin duhu, ga tari, ga bangon flat ɗin da muke haya yana gumi don danshi. GP, wato likitanmu, ya ce ƙarancin rana ne, ya rubuta mana magani. Mma kuwa kullum a waya sai ta ce, "Kawo min ita, a nan rana kyauta ce." Maigidana bai so ba, amma ya ce ni uwa ce, in duba. Jakar zan kai tukuna, yarinya ta biyo baya.

Hanya sumul, ba rami ko ɗaya, sai tumaki masu ƙiba a filaye, suna kiwo cikin yayyafi ko a jikinsu. Shayin tasha da na ga kuɗinsa sai na gode wa Allah da na zo da flas ɗina da ƙosai. 'Yata ta gatsa a gefe guda, don haƙorinta na gaba ya fara girgiɗi, famfara ta kusa.

Yaya ta tare mu a tasha, tana ganin yarinyar ta kwashe da dariya. "Ke! Wannan naɗi kamar ƙullin alale? Riga nawa kika jibga mata?"

Na ce, "Yaya, ki bar ni, ba ke kike kwana kina jin tarinta ba."

Bayan mun ci shinkafa da wake da soyayyen yajin shito a gidanta, ta ce akwai baje koli a gidan tarihi a cikin gari, na dainoso, manyan dabbobin nan da suka ƙare tun kafin mutane. Ni dai a jikin rigar yara kawai na san su. Muka taka a ƙafa ta bakin ruwan da ya ratsa unguwar, inda wasu ke zaune a cikin dogayen jirage masu fenti, har da tukwanen fulawa a kan rufi.

Abin da ya fara burge ni, ba a hana yara taɓawa. Ga ƙashin cinya da aka kwaikwaya, ya fi ni tsawo, an ce a shafa. Ga taswirar duniya da ake juyawa da hannu, an haska can ƙolinta da can gindinta, wuraren ƙanƙara. Ashe a nan aka tono waɗannan.

Da aka ce a shiga ɗakin fim sai na jawo yarinyar jikina, don ba ta son duhu. Na zauna kusa da ƙofa, hannunta a nawa. Turancin ya yi min sauri, Yaya ce ke raɗa min. Wai a wancan zamani wurin daji ne mai bishiyoyi, sanyinsa bai kai na yau ba, amma duhun yana nan: rana ta faɗi, sai bayan watanni ta sake fitowa. Na ce a raina, kai, ashe namu duhun wasa ne.

Sai aka nuno masu binciken. 'Yan uwa, mutanen nan sun sha wuya. Maza da mata durƙushe a gaɓar kogi, hanci ya yi ja, suna kwasar ƙasa a bokiti. Su wanke ta a rariya, su sake wankewa, sannan su zauna suna tsince ta ƙwaya-ƙwaya a ƙarƙashin gilashi. Na ce wa Yaya, "Ai wannan regen shinkafa ne! Mu tsakuwar muke zubarwa, su ita suke nema." Wanda ya taɓa rege ya san haƙurin da ke ciki, su kuwa shekaru suke yi.

Da muka fito, akwai wata dattijuwa Baturiya a bakin tebur da gilashin ƙara girma. Ta sa 'yata ta leƙa, sannan ni. Haƙori ne, bai wuce ƙwayar riɗi ba. Ta ce samfurin na jaririn dainoso ne. Ta yi min bayani a hankali, kalma-kalma, ba ta ƙosa da ni ba. Da can ana zaton in duhu ya zo dabbobin ƙaura suke yi zuwa inda rana take. Amma jariri mai irin wannan haƙori ba zai iya doguwar tafiya ba. Ke nan a wurin aka ƙyanƙyashe shi, a wurin ya yi hunturunsa.

Na tambaye ta da guntun Turancina, ta yaya? Ta ce wasu na ganin gashi ne a jikinsu irin na tsuntsu, wasu na ganin rami suke shiga, amma gaskiya ba a gama sani ba. Wannan "ba mu sani ba" ya sa na yarda da sauran maganarta.

'Yata ta buɗe baki ta nuna mata nata mai girgiɗi, da Turancinta na 'yan Manchester wai nata ya fi girma. Matar ta yi dariya har da hawaye. Ni ban yi dariya ba. Lissafi nake yi: in ta bi Yaya, haƙorin nan a Kumasi zai faɗi, a waya za a ba ni labari.

Da muka koma gidan Yaya za mu tafi, na ɗauko jakar daga bayan ƙofa. Ta kalle ni, ta kalli jakar.

"Dainoso ne ya yi miki wa'azi?"

"Ki gaida Mma, Yaya. Ki ce da hutun bazara za mu zo, mu biyu."

Kafin mu baro Birmingham magariba ta yi. Tsoron bai bar ni ba, gobe ma sai na koma council, hukumar unguwarmu, kan bangon nan. Amma na koyo cewa Allah bai halicci duhun da ba a renon ɗa a cikinsa ba, kuma na gode wa masu regen ƙasa da suka nuna min. Mun iso Cheetham Hill lafiya, maigida na bakin ƙofa. Ya ga jakar, ya karɓa ya kai ciki.

Haƙorin ya faɗi ranar Talata, a tafin hannuna.