Zaren da Baba Ya Bar Mini

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Ranar Talata, tara ga watan Maris, Allah Ya karɓi ran Baba Mai Zare bayan jinyar kwana huɗu. Ina ɗakin tumaki, da bokiti a hannu, labarin ya same ni.

Baba, shekara ashirin da shida kana yi wa tumakin ɗakin bincikenmu tiyata, kana zura siririn bututu a ƙirjinsu don mu tari ruwan da ke tsatsowa daga huhu. Takardun bincike sun fita da sunayen manya, naka bai hau ko ɗaya ba. Kai kaɗai ke jin harshena a garin nan, kuma rigar sanyinka ka ba ni makon da na iso.

Shekara uku ina auna wannan ruwa, a kansa digirina ya rataya. Wata safiya ka ɗaga kwalbata ka ce, "Ɗana, tunkiyar nan huhu nawa gare ta? Ruwan ya yi yawa." Ka tsira mata allurar shuɗin launi a tantanin da ya raba ƙirji da ciki. Kafin shayinmu ya huce, shuɗi ya ɗigo a kwalbata. Ashe gauraye nake aunawa, don ban ɗaure ƙananan hanyoyin da ke shigo da ruwan wasu sassa ba, ɗaurin zaren nan da muke tsokanarka a kansa har muke ce maka Mai Zare.

Na ce mu yi shiru, shugaban sashe ba zai sani ba. Ka ce, "Wani likita zai karanta sakamakon, ya yi aiki da shi a huhun mutum." Wata bakwai ban gaishe ka ba. Ba ka kai ƙarata ba. Kullum dai sai in tarar da zare a teburina, an yanka daidai.

Jiya na janye sakamakon. Sai na sake awon daga farko, komawa gida ta ƙara nisa, mahaifiyata na ta tambayar yaushe. Har yanzu da zafi, Baba, amma kai ke da gaskiya. Yau na ɗaure da zarenka, na tsira shuɗi, kwalba ta fito fes. Na waiga in nuna maka.

Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka kabarinka, Ya ba matarka Inna da yara haƙuri. Inna, ki yafe mini a madadinsa. Rigar tana wurina, na kasa kawowa.