Lauyar da Ta Hau Dutse Saboda Lenworth

Ranar Talata, goma sha huɗu ga Mayu, maƙwabciyata ta leƙo ta taga ta gaya mini Lauya Icilda Pinnock ta rasu a garin Mandeville, bayan jinyar kwana uku.

Icilda, ke gwamnati ta ba ɗana Lenworth da aka kama shi kan zargin satar awaki, tunda ba mu da ƙarfin ɗaukar lauya. Ran da muka fara haɗuwa kika faɗa mini abin da wasu ke ɓoyewa: ladan lauya ɗaya ne, ko mutum ya amsa laifi cikin minti goma, ko a yi wata shida ana kiran shaidu. Na ce to me zai sa ki wahalar da kanki? Kika yi dariya, kika ce, "Baba Eustace, uwata ma ta ce ban iya kasuwa ba."

Mota biyu kika hau, kika ƙarasa da ƙafa har kan dutse, wurin matar da Lenworth ke yi wa haƙar doya ran da awakin suka ɓata. Matar na tsoron kotu. Sau uku kina komawa kafin ta yarda za ta sauko ta ba da shaida, amma da sharaɗin ke za ki riƙo hannunta. Kika dawo takalmi duk laka, da doya biyu, kika bar mini ɗaya, kina tsokanata wai na rame kamar karan rake.

Yanzu an miƙa takardun ga wani lauya. Ba mugu ba ne, shari'a arba'in ke gabansa. Ya ce mini, "Baba, ya amsa laifin kawai, zan roƙa masa sassauci. Dutsen nan ba zan iya hawansa ba." Ni ma ba zan iya ba. Shekaruna tamanin da uku, daga gado zuwa ƙofa sai na huta. Na rubuta wa matar wasiƙa biyu, shiru.

Litinin kotu za ta zauna. Lenworth ya aiko mini cewa wata tara a tsare ya ishe shi, zai ce shi ya sata.

Allah ya jiƙanki, ya yafe kurakuranki, ya ba ki hutun da ba ki samu a nan ba. Mijinki Linval da 'ya'yanki biyu, Allah ya ba ku haƙuri da juriya. Ku gafarce ni, ba za ku gan ni wurin jana'iza ba. Ita ma ranar Litinin ce, ƙarfina kuwa na tafiya ɗaya ne, kotu zan je.